Karnukan taimako a jirgin ruwan shaƙatawa: wa ya taɓa gani, kuma kun yarda da masu su?

Maman Ikram (Houston)
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ku zo mu yi magana. Mun dawo daga wanda ke tashi daga Galveston zuwa Cozumel ni da maigida da yara, komai lafiya lau alhamdulillah, sai abu ɗaya da ya tsaya min a rai. Wata mata ce kullum da safe sai ta turo ɗan karenta cikin keken jarirai zuwa wurin bufe, fari ne mai gashi buzu-buzu, an sa masa 'yar shara ja an rubuta wai karen taimako ne kar a taɓa, amma ta ɗora shi kan cinya tana yanko masa ƙwai da cokalin da take ci da shi, in weta ya gifta da tire ya hau haushi kamar zai fizge. Nace wa wani ma'aikaci wannan fa, yace min madam ba abin da za mu iya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wlh wannan kare ba aikin da yake yi sai ci. Ni kaɗai na taɓa ganin haka ko kuma abin ya zama ruwan dare?

Ɗan Sabon Gari
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni aikina kenan, gyaran ɗakuna nake a jirgin da ke tashi daga Miami, kuma gaskiya yaron da ya ce miki ba abin da za su iya bai yi ƙarya ba. Abin da aka koya mana shine tambaya biyu kawai aka yarda a yi wa mai kare: shin karen nan na taimako ne saboda wata lalura, sannan wane aiki aka horar da shi ya yi. Shikenan. Ba ka da ikon ce masa meke damunka, ba ka da ikon cewa kawo satifiket, ba ka da ikon cewa to sa shi ya gwada mu gani. Mutum in ya haddace amsa ya wuce. Ita kuma 'yar sharar da kika gani a intanet ake saida ta, kowa zai iya oda har da ɗan kati mai hoto da lamba, dokar Amurka ma bata ce sai an sa wa kare riga ba.

Mu dai a wajen kashi muke gane su. Kafin jirgi ya tashi kafintoci na haɗa akwati na katako, faɗinsa kamar ƙafa huɗu tsawonsa ƙafa huɗu, a zuba ɓawon itace ko ciyawa a ajiye a wani lungu a waje, nan ne bayin karen. Wanda aka horar da gaske mai shi zai kai shi ya faɗi kalma ɗaya, ya yi abin da zai yi su juyo, ko minti biyu basa yi. Na bogi kuwa zai yi ta shinshina akwatin ya ƙi, a dawo da shi ɗaki ya saki a kafet ko a baranda, sai ka shigo da safe ka ga an lulluɓe da tawul an lallaɓa an fice ba ko sannu. Akwai wasu mata da miji da suka kulle nasu a ɗaki suka sauka Nassau tun safe sai la'asar, alhali an hana barin kare shi kaɗai, yana ta kuka yana kartar ƙofa maƙwabta na ta bugo waya. To in da gaske lafiyarka ta dogara da shi yaya ka wuni a gari ba shi?

Maman Ikram (Houston)
Tab! Sannu da ƙoƙari ƙanina, Allah ya ba da lada. Wato har da kwasar kashin kare cikin albashin.

Baban Bronx
Bari in ɗan ƙara kan abin da yaron nan ya faɗa, don na yi shekaru ina tuƙin tasi kuma mu ma dokar ta hau kanmu. Dokar naƙasassu ce ta Amurka da ake kira ADA, ta 1990. Su jiragen nan yawancinsu tutar Bahamas ko Panama suke ɗauke da ita, da can sai su ce dokar bata shafe su ba, har aka kai wani kamfani kotun ƙoli, shari'ar Spector da Norwegian Cruise Line, a 2005 kotu ta ce in dai jirgi na harka a ruwan Amurka to dokar na iya hawa kansa. Tun daga nan kamfanoni ke taka tsantsan, sun gwammace kare goma na ƙarya su shiga da a ce sun kori na gaskiya ɗaya a maka su kotu.

Kuma ku bambanta abu biyu. Akwai karen da aka koya wa aiki, akwai wanda mutum ke riƙe wa don ya ɗebe masa kewa ya kwantar masa da hankali kawai, shi wannan na biyun dokar bata san da zamansa ba. A jirgin sama ma an sha fama, kun tuna matar da ta je filin jirgin Newark da ɗawisu a 2018 wai shi ke kwantar mata da hankali aka hana ta, daga farkon 2021 aka daina tilasta wa kamfanonin jirgin sama ɗaukar irin waɗannan. A Florida kuma laifi ne ka yi ƙaryar karenka na taimako ne, ana iya ɗaure ka har kwana 60 ko tarar dala 500. Ni dai a jirgin da muka shiga da iyali ban ga an tuhumi kowa ba, kuma na ga wanda ya cancanci a tuhume shi.

Anti Nas (Maryland)
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Baba ina gaisuwa. Maman Ikram ban ce matar da kika gani mai gaskiya bace, kare mai haushin weta ai ya tona kansa, amma maganar ido ya san kima ɗin nan ita nake jin tsoro. Na yi tafiya da 'yar yayata, tana da ciwon suga irin wanda ake tashi da shi tun yarinta, in kin ganta garau budurwa son kowa ba abin da zai nuna miki tana da lalura, karenta kuma ɗan ƙarami ne ba irin manyan nan ba. Aikinsa shinshina, in suganta ya fara sauka yana ji a numfashinta sai ya dinga dungurinta da hanci yana kai mata ƙafa har sai ta duba ta sha wani abu, shi yasa wani lokaci take rungume shi a ƙirji, wanda bai sani ba sai yace shagwaɓa ce. Abin da yarinyar nan ta gani a jirgin ba daɗi. Wani dattijo ya tare mu a layin abinci yana ce mata ke ai ba makauniya bace me kike da kare, wata kuma tana bin mu tana ɗaukar bidiyo a waya a fakaice wai za ta kai ƙara. Daga baya sai ta daina fitowa cin abinci sai dai a kawo mata ɗaki, kuɗinta ta biya kamar kowa fa.

Ni a asibiti nake, akwai masu farfaɗiya, akwai kurame da kare ke taɓa su in ƙararrawa ta buga, akwai tsofaffin sojoji da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan da firgita, kare ke tashinsu in mugun mafarki ya kama su. Duk cikinsu ba wanda za ki gane da ido.

Bakatsine
Ni nawa ba dogo bane. Tsoron kare nake tun ina yaro da wani ya bi ni, ranar na shiga lif zan hau sallar magariba a ɗaki sai ga wani da ƙaton kare baƙi, na manne a kusurwa ina ta salati a zuci, karen ko kallona bai yi ba ya zauna jikin ƙafar mai shi har muka kai. Washegari wani ɗan firit mai rigar taimako ya zo ya lashe min ƙafar wando mai shi na dariya wai yana sona. Sai da na canza wandon.

Malam na Kumasi
Bakatsine ka wahalar da kanka, a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa bane, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne kawai. Su Shafi'awa ne suka tsananta. Da wandonka ka yi sallarka. Amma dai mai karen bai kyauta ba.

Bakatsine
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ko halal ne ni dai kar ya lashe ni hhh.

Yaya Jagora (Seattle)
Tun ɗazu waya ke karanto min maganganunku, bari in sa baki tunda ni abin ya shafa kai tsaye. Idona ya tafi bayan na zo ƙasar nan. A gida da yaro za a haɗa ni ya riƙe min sanda, a cire shi daga makaranta saboda ni, a nan kuwa karyar jagora irin Labrador aka ba ni, kusan shekara biyu ana horar da ita kafin ta zo hannuna, ni ma sai da na je na zauna makarantar aka koya min yadda zan yi aiki da ita. Mun shiga jirgin ruwan da ke zuwa Alaska da matata, ita ta haddace hanyar ɗakinmu tun ranar farko, in mun fito daga lif ta san dama za ta yi, a wurin cin abinci ta shige ƙarƙashin tebur ta kwanta, wasu sai mun tashi tafiya suke cewa au ashe da kare a nan.

Ranar da muka tsaya Juneau muna layin sauka, ga cunkoso ga tsani mai gangara, kawai sai naji linzamin da ke hannuna ya fizge, wani kare ya zabura ya cafke ta a wuya yana gurnani, ni ban ga komai ba sai ihun mutane da ƙarar igiya, matata ke gaya min ai shima rigar taimako ce a jikinsa. Raunin ba wani babba bane, likitan dabbobi ya wanke ya ba da magani. Matsalar daga baya ce, ta koma in ta ji motsin wani kare sai ta tsaya cak jikinta na rawa, kuma karen jagora in tsoro ya shige shi ana iya ajiye shi gaba ɗaya a ce ya gama aiki, kai kuma ka koma layin jira. Sai da mai horarwa ya yi ta zuwa gida kafin ta dawo daidai. Mai wancan karen ko haƙuri bai bayar ba, cewa yayi wai tawa ce ta tsokani nasa.

Duk da haka in kun tambaye ni ko a tilasta satifiket zan ce a'a. Wanda ya sayi riga a intanet zai sayi takarda ma, mu ne za a dinga tarewa a kowace ƙofa ana cewa fito da shaida. Abin da ke ban haushi shine dokar nan da kowa ke fakewa da ita ta ba da dama a fitar da kare in ya fi ƙarfin mai shi ko yana ɓata wuri, ko da na gaske ne, amma manajoji basa son rigima sai su yi kamar basu gani ba.

Anti Nas (Maryland)
Subhanallahi, sannu Yaya. Allah ya kiyaye gaba. Ka kai ƙara kuwa?

Yaya Jagora (Seattle)
Mun kai, sun rubuta rahoto, sun ce an gargaɗe shi ya bar karen kusa da shi. Da daddare matata ta sake ganinsu a wurin kallon wasa, karen na kan kujera.

Uwargida (Southampton)
Abin da ban gane ba shine masu son tafiya da dabbarsu ai akwai hanyar gaskiya. Jirgin ruwan Queen Mary 2 da ke zirga-zirga tsakanin nan garin da New York tana da ɗakunan karnuka da kyanwoyi guda 24 da ma'aikaci mai kula da su, har da turken fitilar titi daga Liverpool da famfon kashe gobara na New York aka kafa musu a wurin yawo don su ɗaga ƙafa. Na shiga sau ɗaya na je kallo, masu karnukan na zuwa ziyara a lokutan da aka ware amma ba a kai su ɗaki ko wurin abinci. Sai dai wurin na cika da wuri sosai kuma da tsada, ina ga shi yasa wasu ke bin ta ɓarauniyar hanya.

Baban Bronx
To ɗana na Sabon Gari, ni abin da ke ɗaure min kai, ba ka ce ba a tambayar takarda ba? Ai na ga ana karɓar wasu takardu a hannun masu kare wajen shiga.

Ɗan Sabon Gari
Eh Baba ana karɓa, amma na lafiya ne ba na horo ba. Shaidar allurar ciwon haukan kare, takardar likitan dabbobi, da izinin ƙasashen da za a tsaya don kowace da nata sharaɗin, wata ma in takardunka basu cika ba karen ba zai taka ƙasa ba sai dai ku zauna a jirgi. Dawowa Amurka ma tun watan Agustan 2024 sai kare ya kai wata shida, da ɗan cif na shaidar kare a ƙarƙashin fata, da fom ɗin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka wato CDC. Duk wannan karen gida ma zai iya samu in mai shi na da kuɗi da lokaci.

Hajiya Maman Ikram in kin sake gani kar ki ce musu kina zargin ƙarya take, nan take za su rufe maganar don basu da hurumi. Ki je teburin kula da baƙi ki ce kare kaza yana haushin mutane, ana ba shi abinci a kan tebur, a hawa kaza da ƙarfe kaza, ki ce a rubuta. Mu ma in mun kai ƙorafi oga cewa yake akwai baƙon da ya yi magana? In babu shikenan an bar mu da mofa.