Wai zanga-zanga ta taɓa sa wata ƙasa ta ajiye makamin nukiliya?

Ɗan Tudu:
Salam jama'a. Jiya a majalisa bayan isha'i musu ya kaure, abokina yace masu ɗaga kwalaye kan nukiliya wahalar banza suke tunda har yau ƙasashe 9 na riƙe da abinsu, ni kuma na rasa ta cewa. Masana a taimaka.

Malam Sambo:
Wslm. Ai ba banza ba ce ɗan uwa. A 1954 Amurka ta gwada bom a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik, tokar ta sauka kan wani jirgin masunta na Japan har ɗayansu ya rasu, sai matan gida a Tokyo suka fara bi gida gida suna karɓar sa hannun neman a haramta makamin har ya haura miliyan 30. A St. Louis ta Amurka kuma iyaye suka dinga aika haƙoran da yaransu suka famfare ana aunawa, aka ga gubar gwajin ta shiga jikin yara, to wace uwa ce zata ji wannan ta yi shiru? 1963 Amurka da Sobiyet da Birtaniya suka sa hannu kan daina gwaji a sama da cikin ruwa.

Baban Ummi:
Malam ka ƙarasa mana, ai ƙarƙashin ƙasa suka koma suka ci gaba da abinsu hhh. Nasan za a kawo babbar zanga-zangar New York ta 1982 da yarjejeniyar rage makamai ta 1987 tsakanin shugabannin Amurka da Sobiyet, Reagan da Gorbachev, ni a ganina ba zanga-zanga ba ce, aljihun Sobiyet ne ya bushe, kuma Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2019. A 2017 ƙasashe 122 suka amince da haramta makamin gaba ɗaya, masu shi ko ɗaya bai sa hannu ba.

Hajiya Maraɗi:
Baban Ummi to Kazakhstan fa? Mutanen gari ne suka tashi a 1989 saboda ciwon daji da nakasassun jarirai, 1991 aka rufe filin gwajin bom na Sobiyet da ke Semipalatinsk. Mu ma nan abin ya taɓa mu, Faransa ta tashi bom ɗinta a Reggane cikin saharar Aljeriya a 1960, surutu ya yi yawa har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961.

Ɗan Tudu:
Kai wlh ban taɓa jin wannan na Tafawa Ɓalewa ba. Hajiya da aka kori jakadan sun daina?

Hajiya Maraɗi:
Ina fa, sai 1966 suka kwashe suka koma tekun Pasifik.