Me ya sa Dracula ya damu da gyaran Turancinsa?

Ummin_Adabi: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. An ba mu asaimen kan adabin ban tsoro na Turawa, wanda suke ce wa Gotik, ina karanta Dracula na Bram Stoker, na 1897. Abin da ya ɗaure min kai, mutumin da yake shan jini, ga ƙarfi ga dukiya, me zai sa ya tsare lauya Jonathan Harker a gidansa na Transylvania wai ya riƙa gyara masa lafazi? Meye nasa da lafazi?

Malam_Na_Samaru: Wa alaikis salam ƙanwata. Koma babi na 2, shi da bakinsa ya ba da amsa. Ya ce nahawu da kalmomi duk ya sani daga littattafai, furucin ne bai iya ba. A garinsu shi basarake ne kowa ya san shi, amma a Landan da ya buɗe baki za a ce baƙo ne, shi kuma so yake ya saje cikin jama'a kar kowa ya waiga ya kalle shi, don ya yi farautarsa hankali kwance. Ki duba ma abin da Harker ya tarar a ɗakin karatunsa, har da jadawalin jiragen ƙasa na Bradshaw da kundin adireshin mutanen Landan. Mu ma ai a kasuwa daga "nawa ne" ake gane baƙo a tsuga masa kuɗi.

Dan_Damagaram: Malam ya yi bayani, amma ni wanda ya fi ba ni tausayi shi ne halittar nan mai ban tsoro da wani masanin kimiyya ya ƙera a Frankenstein, littafin Mary Shelley na 1818. Shi ba ɓuya yake nema ba, so yake a so shi. Ya laɓe a wata 'yar rumfa jikin gidan iyalan De Lacey yana leƙensu ta tsagar katako wata da watanni, kalmominsa na farko wuta, madara, burodi, itace, daga baya da Felix, ɗan gidan, ya fara koya wa masoyiyarsa Safie Faransanci shi ma yana ɗauka daga bayan bango har ya fi ta saurin ganewa, har ya iya karatu. Ya jira ranar da tsohon makahon, wato De Lacey uban gidan, yake shi kaɗai sannan ya shiga, kuma wallahi tsohon ya saurare shi da mutunci, don murya kawai yake ji. Masu ido na dawowa Agatha, 'yar gidan, ta suma, Safie ta ruga waje, Felix ya rufe shi da sanda. Ita Safie fa baƙuwa ce, 'yar wani ɗan kasuwa Baturke, ta zo ba ta jin ko kalma ɗaya amma aka karɓe ta hannu bibbiyu.

Ummin_Adabi: Kai, Allah ya saka Yaya. To kenan harshen bai yi musu amfani ba?

Malam_Na_Samaru: Ya yi, amma iyakarsa bakin ƙofa. Ki sa Van Helsing a asaimen ɗinki, likitan nan daga Amsterdam da ya jagoranci farautar Dracula, Turancinsa duk a karye yake, ko kusa bai kai na Dracula ba, amma shi Turawan Ingilan suke bi sau da ƙafa saboda yana gefensu. Ki kuma ambata cewa Stoker kansa ɗan Dublin ta ƙasar Ireland ne da ya koma Landan aiki, lakcarori na son a kawo wannan, sai dai kar ki rubuta wai don haka ne ya yi littafin, za a nemi hujja.