Neman shawara: manhajar da na haɗa wa shagon kawuna, ya dace in sayar da ita?

Tambaya daga wani matashi a Madina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, na zo neman shawararku a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina taimaka wa kawuna a shagonsa na dabino a nan Madina, kuma shekara guda ke nan da na fara koyon rubuta manhaja da harshen Python tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da ciniki ke ɗan lafawa. Ganin wahalar da muke sha wajen ƙirga katan-katan na ajwa da safawi da mabrum a littafi, sai na haɗa wata ƙaramar manhaja da ke riƙe lissafin kaya, tana fitar da takardar lissafin rana, tana kuma ajiye sunaye da lambobin wayar masu sayen sari. Ba zan ɓoye muku ba, mafi yawan kod ɗin ba hannuna ya rubuta ba. Wata manhajar ƙirƙirarriyar basira nake faɗa wa abin da nake so, ta rubuto, in na gwada na ga ya yi aiki sai in wuce gaba.

Yanzu maƙwabcinmu a kasuwa ya ga yadda take aiki, ya ce in saka masa ita zai biya ni, har yana so ta riƙa fitar masa da fatura ta haraji. Abin da ya sa na kasa ba shi amsa shi ne, da na je duba laburaren PyMuPDF, wato shiryayyen kod na wasu da nake buga takardu da shi, sai na tarar lasisinsa, wato sharuɗɗan amfani da shi, AGPL ne, ban kuwa fahimci ko ya halatta in karɓi kuɗi a kan abin da aka gina a kansa ba. Sannan daren Talata bayan Isha'i kawu ya sa tabaransa, ya ɗauki ƙaramar kalkuletarsa ya bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, ya tarar jimillar da manhajar ta bayar ta saɓa da tasa da halala uku (halala ɗari ke yin riyal ɗaya). Bai yi faɗa ba, ya dai ce mini wanda ya ɓatar da halala zai iya ɓatar da riyal, ni kuma na kasa nuna masa inda saɓanin ya fito. Ina kuma da burin ɗora aikin a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu, don wasu su amfana, shin wajibi ne in bayyana cewa na'ura ce ta taya ni? Allah Ya saka da alheri.

Amsa daga wani injiniyan manhaja a Riyad

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka kyauta da ka tsaya ka tambaya tun kafin kuɗi su shiga tsakani. Ka fara cire wa kanka wani ruɗani da ya yi yawa a tsakanin masu tasowa: lasisin GPL da danginsa, har da AGPL ɗin da ka ambata, ba su hana sayarwa ba. Richard Stallman, wanda ya fito da GPL a 1989, 'yancin mai amfani da manhaja yake karewa, wato ya iya karanta ta, ya gyara ta, ya miƙa wa wani. Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a 1991, yana ƙarƙashin GPL, ga shi kuma kamfanoni suna cin abinci da shi har yau. Sharaɗin shi ne, ranar da ka miƙa wa wani manhajar da ka gina a kan irin wannan laburare, dole ka ba shi damar samun cikakken kod ɗin a ƙarƙashin lasisi iri ɗaya, kuma ba ka da ikon hana shi kwafa ya ba na kusa da shi. AGPL, wanda sigarsa ta uku ta fito a 2007, ya ƙara da cewa ko ba ka miƙa manhajar hannu da hannu ba, muddin ka yi mata gyara kuma mutane suna amfani da ita ta intanet, su ma suna da wannan haƙƙi.

Saboda haka amfanin da kuke yi da ita a cikin shago bai ɗora maka komai ba, amma ranar da ta hau kwamfutar maƙwabci, hukunci ya canza. Kana iya sakin manhajar gaba ɗaya a ƙarƙashin AGPL, ka karɓi ladan sakawa da kulawa. Kana iya sayen lasisin kasuwanci daga kamfanin Artifex mai laburaren, ko kuma ka sauya zuwa wani mai sassauƙan lasisi kamar ReportLab da ke ƙarƙashin lasisin BSD, sai dai ka shirya wa ƙarin aiki kafin haruffan Larabci su haɗu daidai su kuma tafi daga dama zuwa hagu. In da ni ne a matsayinka, hanyar farko zan bi, domin ɗan kasuwa ba kod yake saye ba, yana sayen mutumin da zai ɗaga waya ranar da abu ya tsaya a tsakiyar lokacin Umara. Ka kuma bi sauran laburaren da na'urar ta sa ka saukar ɗaya bayan ɗaya, ka duba lasisin kowanne, ka tabbatar da asalinsa, don waɗannan na'urori sukan ambaci sunan laburaren da babu shi, miyagu kuma sun fara yi wa irin waɗannan sunaye rajista su cusa cuta a ciki.

Amsa daga wata 'yar'uwa mai aikin akanta a Jidda

Ɗan'uwa, ka gaishe mini da kawu, domin ya yi abin da ya kamata kowane mai dukiya ya yi. Halala ukun nan kusan na san inda suka shige. Ka ɗauki kaya uku, kowanne riyal 10.30. Harajin kashi 15 cikin ɗari, wanda ake karɓa tun 1 ga Yuli 2020, ya kama 1.545 a kan kowanne. In ka cike kowane layi zuwa 1.55 sannan ka tara, za ka sami 4.65, amma in ka fara tara kuɗin ya zama 30.90 sannan ka fitar da harajin, za ka sami 4.635, wanda ya koma 4.64. Halala ɗaya ta riga ta ɓace a takarda guda. Bayan wannan akwai yadda kwamfuta ke riƙe lambobi masu ɗigo: buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004, kuma in ka ce ta cike 2.5 za ta ba ka 2, ba 3 ba. Maganin shi ne ka koma amfani da Decimal, nau'in lamba na Python da ke riƙe ɗigo daidai, a duk inda kuɗi suke, ko ka riƙa ajiye su a matsayin halala zalla, sannan ka tsayar da ƙa'idar cikewa guda ɗaya.

Batun fatura kuwa, ina roƙonka ka dakata. Hukumar Zakka da Haraji da Kwastam ta wajabta fatura ta na'ura tun 4 ga Disamba 2021, inda faturar mai saye ke ɗauke da lambar QR mai ƙunshe da sunan mai sayarwa, lambar harajinsa, lokacin ciniki, jimillar kuɗi da adadin haraji. Daga 1 ga Janairu 2023 aka shiga mataki na biyu rukuni-rukuni, wanda ke buƙatar haɗa manhaja kai tsaye da tsarin hukumar mai suna Fatoora, da hatimin sirri, da kai rahoton faturar cikin awa 24. In aka sami kuskure, maƙwabcinku tara za ta hau, zumuncin shekaru kuma ya sami tabo. Ka ba shi ɓangaren lissafin kaya kawai, kuma kuɗin ya bi ta hanyar da takardun zamanka da na shagon suka yarda da ita.

Amsa daga wani ɗalibi a Makka

Yayana, abu ɗaya zan ƙara. In ka taɓa kwafe jerin sunaye da lambobin masu sayen sari ka zuba wa na'urar don ta gano maka matsala, ka daina daga yau. Dokar kare bayanan mutane ta ƙasar nan ta fara aiki a 14 ga Satumba 2023, wa'adin da aka ba mutane su gyara harkokinsu ya cika shekara guda bayan haka, hukumar SDAIA mai kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira ce ke sa ido. Ka ƙirƙiri sunaye da lambobi na gwaji, kuma kafin ka ɗora komai a GitHub ka tabbatar babu rumbun bayanan shago ko kalmar sirri a tarihin Git, wato ajiyar duk sauye-sauyen da ka taɓa yi wa kod ɗin, don goge fayil daga baya ba ya cire shi daga tarihin.

Amsa daga wani dattijo a Dammam

Ɗana, na ɗan saɓa da injiniya a kan gaggawar sakin aikin, ko da yake bayaninsa na lasisi daidai ne. Ni abin da ya fi damuna a maganarka shi ne inda ka ce ka kasa nuna wa kawunka tushen kuskuren. Duk layin da ka miƙa wa wani amana ce a wuyanka, ko kai ka rubuta ko na'ura. Ka ware wata biyu ka karanta manhajar daga farko har ƙarshe, duk inda ka tsaya ka tambayi na'urar ta yi maka bayani, sannan ka rufe ta ka sake rubuta wurin da hannunka. Ka ɗauki takardun da kawu ya lissafa ka mayar da su gwaje-gwajen da manhajar za ta riƙa ci a duk lokacin da ka taɓa ta.

Game da bayyanawa, ka bayyana. Masu kula da buɗaɗɗun manhajoji, irin su Gentoo da NetBSD da QEMU, ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Gentoo ta haramta gudummawar da na'ura ta rubuta a Afrilu 2024, NetBSD ta ce a Mayun shekarar ba a shigar da irin wannan kod sai da rubutaccen izinin shugabanninta, QEMU ma ta ƙi karɓa a 2025, wasu kuma suna karɓa in mutum ya faɗa kuma ya tsaya wa abin da ya kawo. Dalilinsu ba ƙiyayya ba ce. Akwai shakku a kan asalin kod ɗin, wanda ya kai ga shigar da ƙara a Kalifoniya a Nuwamba 2022 a kan Copilot, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta kod, akwai kuma gajiyar 'yan sa-kai, kamar yadda Daniel Stenberg mai kula da buɗaɗɗiyar manhajar curl ya koka tun farkon 2024 a kan rahotannin ɓarakar tsaro marasa tushe da na'ura ta rubuta ake turo masa. A naka aikin kai ne mai iko, jimla ɗaya a shafin gabatarwa ta wadatar, amma in za ka kai gyara gidan wasu, ka fara karanta ƙa'idarsu.

Mai tambaya ya dawo

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba jiya da dare, na tarar manhajar tana cike kowane layi a takarda, amma a jimillar rana tana fitar da haraji daga dunƙulallen kuɗi, kamar yadda Yaya mai aikin akanta ta kwatanta. Na mayar da wurin Decimal, kawu ya sake bin takardun Talata da kalkuletarsa, lissafi ya zo daidai. Na faɗa wa maƙwabcinmu ya ci gaba da tsarin faturar da yake da shi, ni kuma zan kawo masa na lissafin kaya bayan wata biyu in Allah Ya so. Baba, na fara karatun daga fayil ɗin da ke rage kaya idan an yi ciniki, kuma akwai wani wuri da ban gane dalilin da ya sa ake kulle rumbun bayanai kafin a rage ba, zan turo shi gobe bayan Azahar ku duba mini.