Shawarar tsofaffin sojoji ga jami'an samar da kayan aiki

Na zauna da wasu tsofaffin sojoji da suka yi aiki a sashen sufuri da samar da kayayyaki, ga abin da suka fi nanatawa.

Lissafi ne gaba da komai. Jami'i ya san yawan buhunan shinkafa, gangunan dizal, harsasai da magungunan da ke sito, da kwanakin da za su kai. Kada ya sa hannu a takardar karɓar kaya sai ya ƙirga da kansa. A nan suka daɗe, kuma na ga gaskiyarsu, domin in aka ci amana a sito, sojan da ke bakin daga ne ke ɗanɗana kuɗa: ciki wayam, mota ba mai.

Waɗanda suka yi Borno, a rundunar yaƙi da Boko Haram ta Lafiya Dole, da aka sauya wa suna zuwa Haɗin Kai a 2021, sun ce a tura kaya tun kafin damina, don hanyar garin Rann kan yanke idan ruwa ya sauka. Ayarin motoci kuwa ya riƙa sauya lokacin fita, saboda kwanton ɓauna da nakiyoyin da ake binnewa. Ruwan sha ma a ninka shi da bazara.