Shawarar da aka ba uban da ya sayo Asterix

A teburin mai shayi a Agege, wani maƙwabcinmu ya fito da tsofaffin littattafan zane na Asterix guda uku da ya sayo a Yaba, yana tambaya ko ya miƙa wa yaransa.

Kowa ya yaba zanen da barkwancin. Labarin ƙauye ɗaya ne a Faransa ta zamanin dā, wanda ya gagari sojojin Rum saboda jiƙon da bokansu ke dafawa, kuma daga sarki har kwamanda ba wanda ba a yi wa ba'a ba. Malamin makarantar da ke cikinmu ya ce a fara da waɗanda Goscinny ya rubuta, daga 1959 zuwa rasuwarsa a 1977. Da Uderzo mai zanen ya riƙe alƙalamin shi kaɗai, labarin ya yi lami, raha ɗaya ake ta maimaitawa.

Ni abin da ya ci mini rai shi ne yadda ake zana baƙar fata da ƙattin leɓɓa jajaye. Aka ce wa maƙwabcin namu, "Alhaji, ku karanta tare, kada ka tsallake wannan shafin, ka kuma yi musu bayanin bokan da cin aladen dajin."