Yarona na fashin lekol ranar Litinin, wai har abin ya kai haka?

Mai Tebur Marwa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ina da yaro ɗan shekara 8 yana CE1, wato aji uku na firamare, a lekol ɗin gwamnati nan Marwa a Kamaru, to kun san Litinin ce babbar kasuwarmu, mutanen ƙauye na shigowa, ni kaɗai ba zan iya tsare tebur in kuma je sari ba shi ya sa nake tafiya da shi yana zauna min. Jiya metir ɗinsu, wato malaminsu, ya aiko wai in zo, na je ya buɗe rajista ya nuna min duk inda aka sa masa alama, ya ce in aka ci gaba a haka yaron zai maimaita aji. Ni dai na ga kwana ɗaya ne tak a sati. Ko dai tsorata ni yake?

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi ba tsoratarwa ba ce. Kwana 5 ake karatu a sati, Laraba ma rabin wuni ce, kai kuma ka zare Litinin, ranar da da yawanmu muke buɗe sabon darasi. Talata yaro ya zo, ka ce kowa ya ɗaga ardwaz, wato ɗan allon rubutu, sai ka ga tasa ba komai yana leƙen ta na kusa da shi, kaye ɗinsa, wato littafin rubutunsa, shafi guda fari fat. Kuma ka tuna yaranmu a gida Hausa, a waje Fillanci, Faransanci a aji kaɗai yake shiga kunnensu, in ya rasa na ranar ba inda zai tsinto shi. Wanda ya fita CE1 bai iya haɗa baƙi ba, haka zai yi ta jan ƙafa har CM2, ajin ƙarshe na firamare.

Ɗan Kusiri:
Madam ki faɗi gaskiya duka mana, ku ma malaman kuna fashi ai. Yarana sau nawa suna dawowa tun da hantsi wai metir bai zo ba. Tun 2000 aka ce firamare kyauta ce amma har yau kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, na nan muna biya, ga aji cike maƙil wasu a ƙasa. Kasuwa ma makaranta ce, yaron da ya iya ba da canji ai ya iya lissafi.

Yayar Garwa:
Ɗan Kusiri canji daban, dikte (shifta) daban. Ni haka aka yi min, duk lokacin cirar auduga sai a kwashe mu gona sati biyu ko uku, in na dawo ban san inda aka kwana ba, kunya ta sa na koma bencin baya na yi shiru. CEP, jarrabawar gama firamare, sau biyu ina faɗuwa, konkur, wato jarrabawar shiga siziyem, ajin farko na sakandare, ko rubutawa ban yi ba. Kuma tun da kai ma ka ce kana biyan APEE, to ka biya kuɗi yaron kuma yana bakin tebur? Alhaji ka bar masa Asabar da Laraba da yamma, kasuwa ba za ta gudu ba. Litinin ka nemi wani babba.

Mai Tebur Marwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwai ƙanena da ke zaune ba aiki, zan yi masa magana ya riƙa zama min Litinin ko da ɗan na shayi ne in ba shi. Madam, darussan da suka wuce shi fa, in ya ari kaye ɗin abokinsa ya kwafe zai wadatar ko sai na nemo mai yi masa bita da yamma?