Musayar Waƙa: "Ai Ba Wariya Ba Ce"

Baƙin Gwal:
Salamu alaikum jama'a, abin nan na wariyar launin fata a wurin aiki ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, gara in fitar da shi a baiti ko na samu barci. Ba zan kama sunan wurin aikin ba.

Shekara shida ina kan kujera ɗaya,
Wanda na koya wa aiki ya hau, ni ina baya,
Na je wa manaja da ladabi da tambaya,
Ya ce ban dace da tsarinsu ba, yana dariya.

A mitin in kawo shawara, kamar na jefa a rijiya,
Bature ya maimaita ta, sai tafi da godiya,
In na yi shiru a ce ba ni da masaniya,
In na ɗaga murya a ce na cika zafin zuciya.

Mai Ja:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka yi haƙuri amma ni ban yarda ba, komai ya faru sai ku ce fata.

Ni dai ban hango wariya a nan ba,
Manajan bai zage ka, bai kira ka bawa ba,
Obama ya hau mulki a 2009, ba ka gani ba?
Ka ƙara ƙwazo, launi bai tare kowa ba.

Gimbiya:
Yaya Mai Ja kai dai baitinka duk "ba" ne, ba, ba, ba hhh. To tsaya ka ji, wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Bertrand da Mullainathan, sun tura takardun neman aiki wajen 5,000 ga kamfanonin Boston da Chicago, sakamakon ya fito a 2004, mai sunan turawa irin Emily ko Greg in ya tura goma ana kiransa sau ɗaya, shi kuwa mai sunan baƙaƙen Amurka irin Lakisha ko Jamal sai ya tura kusan 15 kafin wayarsa ta yi ƙara.

Takarda ɗaya, ilimi ɗaya, gogewa ɗaya,
Suna kawai aka sauya, kira ya ja da baya,
Ba su ga fuska ba balle a ce rashin tarbiyya,
To wane ƙwazo ne yake goge suna, Yaya?

Ni nawa ma a kan gashi ne wlh.

Na yi kitso na shiga ofis da safiya,
Aka ce in gyara, wai bai yi kama da ma'aikaciya,
Wata ta kai hannu kaina ba izini ba kunya,
Da na ture sai ta ce ai yabo ne, 'yar uwa, lafiya?

Sai da California ta yi doka a 2019 kan haka fa, doka sukutum don a bar mutum da gashin da Allah Ya ba shi.

Mai Ja:
Ƙanwata wannan ai sha'awa ce, ba ƙiyayya ba,
Wasa ne tsakanin abokai, ba faɗa ba,
Kun cika saurin fushi, ba ku iya raha ba.

Ɗan Ƙwallo:
Kai Mai Ja, raha? Ka kalli abin da aka yi wa Vinicius, baƙin ɗan wasan Real Madrid, a wasansu da Valencia a Sifen a watan Mayun 2023 kuwa? Gaban kyamara, duniya na kallo.

Vinicius na kan fili ana masa kukan biri,
Ya nuna su da yatsa, ya ƙi ya yi haƙuri,
Shugaban La Liga ya fito da sauri-sauri,
Wai ƙasar ba ta da wariya, yaron ne mai tsauri.

Sai a 2024 kotu ta yanke wa 'yan kallo uku ɗaurin wata takwas-takwas. Ashe kotun ma ba ta iya raha ba.

Dattijo:
Yarana, ku bar ni in sa baki. Musun nan ya girme ku duka, ya girme ni. A 1896 kotun ƙolin Amurka ta halatta raba baƙi da farare da sunan wai a rarrabe amma daidai, su kuma masu mulkin Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994 daga baya cewa suka yi kowa ne ke ci gaba a ɓangarensa, alhali a Sharpeville a 1960 mutum 69 'yan sanda suka harbe saboda zanga-zangar takardar fas, wato takardar izinin zirga-zirga da aka tilasta wa baƙaƙe riƙewa. Mai yi bai taɓa kiran abin da sunansa ba.

Amma kar mu nuna na waje mu manta namu gida,
Mu ne ke cewa "baƙa ce amma kyakkyawa", mun ɗauka yabo muka shirya mata,

kai baitin ya karye, tsufa. Bari in sake.

"Baƙa ce amma kyakkyawa", mu muke faɗa,
Mu tambayi asalin mutum, mu ce kakansa bawa ne da,
'Yarmu ta shafa mai, fatar ta ƙone ta saɓa,
Huɗubar ban kwana ta ce fari bai fi baƙi ba, mun haddace, mun ajiye a jaka.

Gimbiya:
Baba wannan "amma" ɗin ta fi mari ciwo, an sha gaya min ita.

Mai Ja:
To Baba tunda kai ka yi magana. Akwai abu ɗaya da ban taɓa kawo shi nan ba.

A filin jirgi ban cika wucewa salin-alin ba,
Su ce bincike ne na kan mai uwa da wabi, ba ni aka nufa ba,
Abokan tafiyata farare ba a taɓa tsayar da su ba,
Ni kuma ban taɓa yarda in lissafa ba.

Baƙin Gwal:
To lissafa mana yanzu, tafiya nawa, tsayarwa nawa?

Mai Ja:
Tafiya biyar. Sau huɗu. Ta biyar ɗin layin ne ya yi tsawo suna sauri.